Tambayi Likita: Shiga Gasar Gudu a Lokacin Hunturu

Tambaya: Likita, ina da asma, kuma unguwarmu ta shirya tseren kilomita 5 a watan Janairu. Zan iya shiga? (Wani matashi daga Jos)

Amsa: Za ka iya, muddin asmar a kwance take, wato ba ta tashinka cikin dare, kuma ba kullum kake neman abin shaƙa ba. Bushewar iska da ƙura ne ke tayar da ita a hunturu. Mai gudu da baki yake numfashi, iskar ba ta bi ta hanci ta ɗumama ba, sai hanyoyin numfashi su tsuke. Shaƙi salbutamol, wato abin shaƙa mai buɗe hanyoyin numfashi, sau biyu minti 15 kafin a tashi, ka yi sassarfa ta minti 10 zuwa 15, kuma abin shaƙar ya kasance a aljihunka, ba cikin jakar da ka bari a wurin tashi ba. Ran da hazo ya yi kauri, haƙura za ka yi. In ka shaƙa numfashi bai daidaita ba, ko magana ta gagare ka, a wuce asibiti nan take.

Tambaya: A gudun miƙa sanda, yaran da ke karɓa na uku da na huɗu ne suka fi kama bayan cinya suna ɗingishi. Me ke jawo haka? (Malamin wasanni daga Zariya)

Amsa: Malam, jira ne. Yaro ya ɗumama jiki, sannan an kira shi ya tsaya da singileti cikin iskar safiya ana jera sauran ƙungiyoyi. Kafin sanda ta iso tsoka ta huce, shi kuma ya zabura da dukan ƙarfinsa, sai naman bayan cinya ya yage. A bar su da riga mai kauri da dogon wando har dab da tashi, suna tsalle da ɗaga gwiwa a wurin. In abin ya faru, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan awa biyu ko uku. Murza da man zafi da gashi da ruwan zafi, waɗanda mutanenmu ke rugawa gare su, ƙara kumburi suke yi a kwana biyun farko.

Tambaya: Ɗiyata mai sikila ce, ta nace sai ta yi gudu da ƙawayenta. (Wata uwa daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da wahalar gudu, kowanne na iya tayar da ciwon, ga shi a tseren hunturu ukun sun haɗu. In SS ce, wato ta gaji sikila daga uwa da uba, ban yarda da gasa ba. Ta yi tafiya ko sassarfa bayan rana ta ɗaga, jiki a rufe, ruwa a hannu. Mai AS, wadda ta gaji ƙwayar daga ɓangare ɗaya kawai, na iya gasa, amma da ta ji ƙafa ta yi nauyi ko ta ga fitsari ya yi baƙi, ta tsaya a duba ta.

Tambaya: Zan iya shan diclofenac kafin tsere don kada in ji ciwo? (Wani ɗan kasuwa daga Kano)

Amsa: A'a, Alhaji. Shi da ibuprofen suna takura ƙoda in jiki ba ruwa, kuma sanyi na ɓoye ƙishirwa. Sha kimanin rabin lita na ruwa awa biyu kafin a tashi, da ka gama kuma ka cire rigar da ta jiƙe da gumi.