Amsa: Camry 2004 mai jinkirin kama giya, a duba waɗannan kafin a sauke giyabos

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka kan Camry ɗinka ta 2004, Big Daddy mai silinda huɗu. Ka ce da safe idan ka sa D sai ta yi jim kafin ta kama, idan kuma ta ɗau zafi sai injin ya yi kuka tsakanin giya ta biyu da ta uku sannan ta shiga da fizga, ga shi bakanike ya ce a sayo giyabos na Beljiyam. Don Allah kada ka bari a kwance ko noti ɗaya tukuna. Abubuwa masu arha sukan jawo irin waɗannan alamu, kuma su ya kamata a fara kawarwa.

Fara da mai. Giyar atomatik da matsin mai take aiki, shi ke danne faiba, wato faifan kulocin da ke cikin giyabos, har giya ta kama. Idan man ya yi ƙasa, famfon ciki iska yake zuƙa, matsi ya faɗi, sai ka ga jinkiri da sulɓi. Yadda ake awo yana da muhimmanci, domin nan mutane da yawa ke kuskure. Ka tuƙa motar kamar minti goma sha biyar ta yi zafi, ka tsaya a wuri mai daidai, ka bar injin a kunne. Taka birki, ka bi da liba ta kowane matsayi daga P har L, ka dawo P. Zaro geji, wato sandar awon man giya, goge, mayar, sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomin HOT. Idan ya haura, shi ma matsala ne, domin ƙarafan da ke juyawa za su kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe matsi.

Ɗiga shi a farar takarda ka duba, ka shinshina. Lafiyayyen mai ja ne kamar zoɓo. Idan ya koma ruwan ƙasa amma babu ƙauri, ya tsufa ne, canji zai taimaka. Idan baƙi ne mai ƙauri, faiba ta fara ƙonewa. Idan kuwa ya zama kamar an zuba madara a zoɓo, ruwa ya shiga. Bututun sanyaya man giya yana cikin lagireto ne, idan ya tsage sai ruwa da mai su haɗu. A nan ka ajiye motar nan take, domin ruwa yana ɓanɓare faiba daga jikin ƙarfenta, kuma dole a canza lagireton.

Sai tambayar da nake so ka yi wa wanda ya yi maka sabis na ƙarshe: wane mai ya zuba? Giyabos ɗin motarka U241E ne mai giya huɗu, man da Toyota ta ƙayyade masa shi ne Type T-IV, yawanci a rubuce yake a jikin gejin. Ba kowane jan mai ne nasa ba. Dexron da ake zubawa a fawa sitiyari santsinsa daban ne, yakan sa giya ta riƙa fizga ko rawa. Wannan kuskure ya kashe giyabos masu yawa da ba su da laifi, abin yana ba ni takaici ƙwarai.

Idan za a canza, a buɗe notin ƙasa a tsiyaye, kusan lita uku da rabi ke fita, sauran yana cikin kombata, wato tulun mai da ke haɗa injin da giyabos. A sauke farantin ƙasa, a canza filta da gaskit. Ka tsaya da kanka ka ga maganaɗisun da ke cikin farantin. Laushin toka-toka kamar kwalli ba komai ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko baƙin gari mai yawa shi ne mummunan labari. Kada a wanke cikin giyabos da fetur, yana busar da robobi. Kada kuma a wanke cikin tsohuwar giya da na'ura mai matsi, yana tura datti cikin ƙananan hanyoyin mai. Gara a tsiyaye a zuba sabo, ka yi tafiyar mako ɗaya ko biyu, a maimaita.

Bayan mai, a sa mata kwamfuta, ko da fitilar cek ba ta kama ba. Soket ɗin yana ƙarƙashin sitiyari. Kwamfutar za ta fitar da lambar matsala: P0500 ta na'urar auna gudun mota ce, P0717 ta auna juyin shigar giya, lambobin da ke tsakanin P0750 da P0770 kuma na solanoyid ne, wato bawul ɗin lantarki da ke buɗe wa mai hanya. Duk ana gyara su ba tare da an sauke giyabos ba, wani lokacin ma soket ne ƙura ta cika ko ɓera ya ci waya. Idan lambar ta fara da P030, injin ne ke tsallake, filogi ko kwayil, kuma fizgarsa takan yi kama da ta giya. A leƙa injin sit ma, wato mazaunin da ke riƙe injin, idan robarsa ta yage za ka ji bugu duk lokacin da ka sa D ko R.

Akwai abin da ya shafe mu nan Kebbi musamman. Saboda zafin bazara da ke haura digiri 40, an saba cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan injin, a haɗa fanka kai tsaye. To, kwamfutar wannan mota ba ta barin ta shiga giya ta huɗu sai ruwan injin ya kai wajen digiri 60. Da sanyin hunturu, mota marar tamostat sai ta daɗe ba ta kai nan ba, mai ita ya ɗauka giya ce ta lalace. A mayar da tamostat, a bar fanka ta yi aiki da kanta. Ka kuma tabbatar fitilar O/D OFF ba ta kunne a dashbod, domin idan tana kunne motar ba ta shiga giya ta huɗu.

Ga gwajin da za ka yi da kanka bayan an gama waɗannan. Mota da zafinta, birki a take, ka tashi daga N zuwa D: ƙa'idar Toyota ita ce ta kama cikin ƙasa da daƙiƙa 1.2, zuwa R kuma ƙasa da 1.5. Sannan ka hau hanyar Jega ka taka totur a hankali kana kallon allurar juyin injin. Kowane canji allurar sauka ya kamata ta yi. Idan tana tsalle sama tsakanin ta biyu da ta uku alhali mai daidai ne kuma kwamfuta ba ta nuna komai ba, a auna matsin mai da na'urar awon matsi, a duba balb bodi, wato sashen da ke rarraba mai a cikin giyabos. Sai matsin ya fito daidai, sulɓin bai daina ba, sannan za a ce faiba ta ƙare.

In har ta kai ga saye, ka nemi U241E ɗin dai, domin mai silinda huɗu ta 2005 da 2006 giya biyar gare ta, ba iri ɗaya ba ne. A kawo shi da kombatarsa, a wanke bututun lagireto kafin a ɗaura, in ba haka ba dattin tsohon zai shiga sabon.

Turo mana hoton man a kan farar takarda da lambar da kwamfuta ta fitar, daga nan za mu san inda za a dosa. Allah ya sawwaƙe.