Ina Ya Fi Dacewa A Tsaya Don Kallon Taurari A Hamada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina jin cewa babu inda taurari ke fitowa sarai kamar hamada, kuma ina da niyyar zuwa in gani da idona. Shin duk inda na tsaya a cikinta ya wadatar, ko akwai abin da ake dubawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne, domin iskar hamada ba ta da laima kuma gajimare bai cika taruwa a samanta ba, sai dai ba kowane fili ne ya dace ba. Ka fara da nesantar fitilun gari, saboda hasken babban birni yakan rina gefen sama ko daga nisan da ya haura kilomita 100. Akwai taswirorin hasken dare a intanet, da kuma ma'aunin duhu da John Bortle ya fitar a 2001, mai matakai daga 1 zuwa 9. Ka nemi mataki na 1 ko na 2, wato wuraren da suka fi duhu.

Abin da mutane suka fi mantawa da shi, a ganina, shi ne ƙura. Tsakiyar rairayi na da kyau a hoto, amma da zarar iska ta taso sai hazo ya rataye a sama, taurarin da ke ƙasa-ƙasa su dusashe ko da babu fitila ko ɗaya a kusa. Kwarin Bodele na ƙasar Chadi, alal misali, yana cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya, duk da nisansa da birane. Shi ya sa tudu mai duwatsu ya fi rairayi, tunda ƙura da tururi sun fi yawa a ƙasa. Masana da suka kafa manyan na'urorin hangen nesa a hamadar Atakama ta ƙasar Chile kan dutsen Paranal suka hau, mai tsayin mita 2,635. Ba sai ka kai haka ba. Tudun da babu abin da ya tare masa gabas da yamma ya isa. A Afirka, gandun NamibRand na Namibiya ya samu shaidar zama wurin da ake kare duhun samansa tun 2012.

Ko wurin ya yi kyau, farin wata zai ɓata maka tafiya, don haka ka saita zuwanka da ƙarshen wata ko kwanakin farko na tsayuwarsa.

Ka isa tun rana ba ta faɗi ba, tare da wanda ya san hanya, ka duba inda za ka shimfiɗa tabarma saboda kunama, kuma kada ka sauka a busasshen rafi, domin ruwan da aka yi a nesa yakan zo da ambaliya ba zato. Ka riƙe rigar sanyi. Idan dare ya yi, ka ajiye waya, ka ba idonka minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu, tocila kuwa ka rufe bakinta da jan ƙyalle. Sannan, idan lokacin fitowarsu ne, ka dubi Kaza da 'Ya'yanta: in ka ƙirga taurari fiye da shida a cikinsu, wurin ya yi.