Amsa ga ɗana a kan tokar da ake shafawa a goshi

Ɗana, saƙonka ya iso ni, kuma na ji daɗin da ka tambaya maimakon ka yanke wa kanka hukunci. Ka ce a bara ka fito daga sujadar Larabar Toka, ranar da mu Katolika muke fara azumin kwana arba'in kafin Ista, da sassafe, kafin ka kai bakin ofishinku a Kano ka goge goshinka saboda kada a yi ta kallonka, amma da yamma ka tarar abokanka sun cika Facebook da hotunan goshinsu, har zuciyarka ta riƙa tuhumarka da jin kunyar addininka. Kana so ka san ko goge tokar laifi ne, da kuma ko nuna ta a hoto daidai ne.

Gara ka fara sanin inda tokar take fitowa. Ganyen dabinon nan da muke ɗagawa a Lahadin Dabino, wanda kakarka take sokewa a bayan ƙofar ɗakinta har ya bushe ya yi fari, shi ake tarawa idan shekara ta zagayo. Ina yaro na sha tsugunawa kusa da katikis ɗinmu, wato mai koyar da mu addini, a bayan majami'a ranar Talata da yamma, yana ƙona ganyen a cikin kasko, yana tankaɗe tokar da rariya har ta yi laushi kamar garin tuwo. Washegari Fada ya sa mata albarka, ya yayyafa mata ruwa mai tsarki, sa'an nan ya shafa wa kowa yana tuna masa cewa shi turɓaya ne, kuma ga turɓaya zai koma, kamar yadda yake a Littafi Mai Tsarki, Farawa 3:19. Abin da aka ɗaga don murna shi ne ya zama toka, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ba ado aka yi maka ba. Al'adar ta daɗe ƙwarai, domin Ayuba ya tuba cikin ƙura da toka, sarkin Nineba ma ya zauna cikin toka, kuma tun a shekarar 1091 Paparoma Urban na biyu ya sa aka riƙa ba dukan masu bi toka a wannan rana.

Babu dokar Ikilisiya da ta ce dole ka bar tokar a goshinka har faɗuwar rana, kuma ita kanta ranar ba ta cikin ranakun da halartar sujada ya zama wajibi. A birnin Roma ma barbaɗa ta ake yi a tsakiyar kai, ta ɓace cikin gashi ba wanda ya gani, kuma haka fadar Vatican ta umarci a yi a ko'ina a 2021 saboda annobar korona. Abin da yake wajibi a kanka a wannan rana shi ne azumi, wanda ya hau kan mai shekara 18 zuwa 59, wato cikakken abinci sau ɗaya da ɗan abin taɓawa sau biyu, da kuma barin nama, wanda ya fara daga shekara 14. A kan wannan nake so ka fi tsananta wa kanka, domin na ga samari da gicciye baƙi ƙirin a goshi suna tsaye a gaban mai tsire.

Maganar hoto ta fi damuna. Ka lura da bisharar da ake karantawa a wannan rana, daga Matiyu sura 6, inda Yesu Almasihu ya hana mu yin sadaka da addu'a da azumi don idon mutane, har ya ce mai azumi ya wanke fuskarsa. Ikilisiya ta san abin da take yi da ta haɗa wannan karatu da shafa toka. Ba na zargin abokanka, tunda ban ga zuciyarsu ba, kuma na yarda hoton wani ya taɓa tuna wa wanda ya manta cewa kwana arba'in na azumi sun kama. Amma wanda ya sa hoto ya koma yana ƙirga waɗanda suka yaba masa, ina tsoron ya riga ya karɓi ladansa a nan.

Kai kuwa, abin da ya sa ka goge shi ne abin dubawa. Idan aikinka ne ya bukaci haka, ko kuwa za ka bi wata hanya da ka san alamar za ta jawo maka fitina, goge ta da kwanciyar rai. Amma idan kunya ce kawai, to ina roƙonka ka sake tunani, domin kai ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Ɗan Malumfashi ne, Gerald Mamman Musa, aka naɗa Bishop na farko na Katsina a 2023. Maƙwabtanmu Musulmi kuma sun fi kowa sanin darajar azumi. A 2025 Larabar Toka ta faɗo ranar 5 ga Maris, a farkon watan Ramadan, kuma da wani dattijo a layinmu ya miƙo mini hankici yana cewa na kwaso gawayi a fuska, na gaya masa mu ma yau muka ɗauki namu azumin. Sai ya mayar da hankicinsa aljihu, ya ce Allah ya karɓa mana baki ɗaya.

A bana ka je sujadar safe, ka shiga ofis da tokarka, duk wanda ya tambaye ka ka amsa masa a taƙaice ba tare da gardama ba, idan gumi ya share ta kuma ka ƙyale ta. Kuɗin naman da ba ka ci ba ka kai wa mabukaci, ranar Juma'a kuma kada ka rasa Hanyar Gicciye, addu'ar tunawa da wahalar da Yesu ya sha a hanyarsa ta zuwa gicciye. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara.

Kawunka.