Hukuncin Karɓar Diyyar Ciwon da Ƙurar Wurin Aiki Ta Jawo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 11 ina aiki a bakin injin niƙa a wani kamfanin fasa dutse. Ba a taɓa ba mu abin rufe hanci na kirki ba, sai dai mu ɗaura tsumma. Yanzu tari ya kama ni, ko masallaci zan tafi sai na tsaya na huta a hanya. Likita ya ɗauki hoton ƙirjina, ya ce ƙurar dutse ce ta taru a huhuna kuma ba ta fita. An ce in nemi diyya a hukumar NSITF, wato hukumar gwamnatin Najeriya mai riƙe da asusun inshorar da ake biyan ma'aikata diyya daga cikinsa, amma yayana ya ce ciwo ƙaddara ce, kuma kuɗin inshora haramun ne. Ya halatta in karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Ya halatta ka nema, ya halatta ka karɓa, haƙƙinka ne.

Yayanka ya yi gaskiya, ciwo ƙaddara ce. Sai dai ƙaddara ba ta wanke mai sakaci. Wanda aka kashe bisa kuskure ajalinsa ne ya zo, amma Allah ya wajabta diyyarsa a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Annabi (SAW) ya hana cuta da cutarwa, kuma a hadisin Abu Zarri da Bukhari ya ruwaito ya ce kada mu ɗora wa na ƙarƙashinmu abin da ya fi ƙarfinsu.

Wani mai karatu zai iya kawo hadisin da ya ce abin da ya halaka a rijiya ko ramin ma'adinai ba shi da diyya. Hadisin ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi. Amma malamai sun ɗauke shi a kan wanda aka ɗauka haƙa, rami ya rufta masa ba tare da sakacin mai ramin ba. Naka al'amarin daban ne. Illar ƙurar dutse sananniya ce, hanyar rage ta ma sananniya ce: a yayyafa ruwa a kan dutsen da ake niƙawa, a ba ma'aikata abin rufe hanci mai tace iska, a riƙa duba lafiyarsu. Wanda ya san haka ya bar mutum da tsumma shekara 11 don tsimin kuɗi, wallahi abin yana mini ciwo, kuma lamuni, wato nauyin biyan diyya, ya hau kansa.

Batun inshora kuwa, wadda Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta haramta a Jidda a 1985 ita ce ta kasuwanci, saboda garari, wato rashin tabbas, da ke cikin cinikin. Asusun NSITF kuwa ba ciniki ka ƙulla da shi ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, ta kuma hana a cire ko kwabo daga albashinka domin haka. Ya fi kama da tsarin aƙila, inda jama'a ke haɗuwa su ɗauki diyya, wanda Sayyidina Umar ya mayar kan mutanen diwani ɗaya, wato waɗanda sunayensu ke cikin rajista ɗaya ta baitulmali. Malaman Azhar ma sun halatta fansho da tsarin tallafin gwamnati irin wannan tun 1965.

Sharaɗin shi ne gaskiya. Kada ka ƙara wa ciwon gishiri, kada ka nemi takardar likita ta ƙarya, in ka taɓa shan taba ka faɗa. Abin da aka samu ta hanyar ƙarya haramun ne ko da hukuma ta sa hannu.

Kada ka yi jinkiri, domin a ƙa'ida shekara ɗaya doka ta bayar a shigar da buƙata. Sanar da kamfanin a rubuce, ka adana hoton ƙirjin da takardun asibiti. In sun miƙo maka ɗan abin hasafi su ce ka sa hannu ka yafe, dokar ba ta amince da irin wannan yafiya ba. Ka roƙi likita ya gwada ka tarin fuka, domin huhun da ƙurar dutse ta ci yana saurin kamuwa da shi. Abokan aikinka da ke bakin injin har yanzu kuma, wajibi ne ka gaya musu abin da likita ya gani.

Allah ne mafi sani.