Ina Ruwan Mafarautan Amurka Da Majalisa A Kan Kyarkeci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji a labarai cewa mafarauta a Amurka suna zarya tsakanin majalisa da kotu don a ba su damar kashe kyarkeci. Mu nan mafarauci dajinsa da karnukansa ya sani. Me ya kai su siyasa? Kuma wa ya fi gaskiya, su ko masu kare dabbar? Daga wani mai karatu a Azare.

Amsa: Wa alaikumus salam. Mu fara daidaita sunan tukuna. Kyarkecin da kakanninmu suka sani shi ne karen dajin nan mai dabbare-dabbaren jiki da faffaɗan kunne, wanda yau da wuya ka sami wanda ya taɓa ganinsa a dazukanmu. Na Amurka wata dabba ce daban, ruwan toka, ta fi namu girma, namijin kan kai kilo 45, suna farauta gungu-gungu cikin dusar ƙanƙara. Aron suna kawai aka yi.

Abin da ya ba mafarauci baki a siyasar can, kuɗi ne. Tun 1937 akwai dokar da ake kira Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin kashi 11 cikin ɗari da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsasai, ana raba kuɗin ga hukumomin namun daji na jihohi. Sai kuma kuɗin lasisi. A jihar Montana, ɗan jiha yana biyan kusan dala 20 don izinin harbin elk, wata babbar barewa mai rassan ƙaho da ta kai ɗan maraƙi girma ko ta fi, amma baƙo daga wata jiha sai ya ajiye wajen dala 1,000. Da irin waɗannan kuɗaɗe ake biyan albashin ma'aikatan daji, a sayi fili, a yi ƙidayar dabbobi. Ka ga wanda ya ɗauki nauyin gida ba zai yarda a yanke hukunci yana waje ba. Ga su kuma da ƙungiyoyi masu ofis da lauyoyi, irin su Rocky Mountain Elk Foundation da Safari Club International.

Shi kuwa kyarkeci, gwamnati da makiyaya sun bi shi da guba da tarko har ya ƙare a yammacin ƙasar. A gandun dajin Yellowstone, na ƙarshe an kashe su a 1926. Bayan dokar kare halittu masu fuskantar ɓacewa ta 1973, aka sa shi ƙarƙashin kariyar tarayya, sannan a 1995 da 1996 aka kamo guda 66 daga Kanada, aka saki 31 a Yellowstone, 35 a tsakiyar jihar Idaho. An yi alkawari a lokacin: idan suka kai 300, a cikinsu da mata da miji 30 masu haihuwa, na shekara uku a jere, za a ɗage kariyar a miƙa wa jihohi ragama. An cika wannan adadi a 2002.

Nan ne ɓacin ran mafarauta ya samo asali, kuma a ganina ba su yi ƙarya ba. An cika sharaɗi, amma duk lokacin da gwamnatin tarayya ta yi yunƙurin ɗage kariyar, sai ƙungiyoyin kare dabbobi su garzaya kotu. A 2010 alƙali Donald Molloy na garin Missoula ya mayar da kariyar bayan an riga an yi kakar farauta ɗaya. A lokacin kyarketai sun haura 1,500 a yankin. Mutumin da aka ce masa 300, ya ga an ninka sau biyar ana ce masa ya ƙara haƙuri, dole ya ji an yi masa wasa da hankali. Sai suka koma majalisa. A watan Afrilun 2011, Sanata Jon Tester na Montana, ɗan jam'iyyar Democrat, da ɗan majalisa Mike Simpson na Idaho, ɗan Republican, suka cusa wani ɗan sakin layi cikin dokar kasafin kuɗi, wanda ya cire kyarkecin Montana da Idaho daga jerin halittun da ake karewa, ya kuma hana kotu taɓa matakin. Wannan ne karo na farko da majalisa da kanta ta cire wata dabba daga wannan kariya.

To, maganar da suke yawan yi cewa kyarkeci ya cinye musu elk fa? Rabi gaskiya ne. Garken arewacin Yellowstone ya faɗo daga wajen 19,000 a 1994 zuwa ƙasa da 4,000 a 2013. Wannan ba ƙaramar faɗuwa ba ce, kuma kyarkeci yana da hannu. Sai dai ba shi kaɗai ba: akwai beyar da ke cin jariran, akwai damisar dutse, akwai fari na shekaru, akwai kuma farautar ƙarshen hunturu da mutane suka ci gaba da yi a kusa da garin Gardiner, inda ake harbin matan elk masu ciki. A yankin Lolo na Idaho, wanda ake yawan buga misali da shi, garken ya fara raguwa tun kafin kyarkeci ya yi ƙarfi, saboda daji ya rufe filayen kiwo, ga hunturun 1996 zuwa 1997 mai tsanani. Idan kuma ka ɗauki jihar Montana gaba ɗaya, elk ya fi yawa yanzu a kan 1995. Abin da ya canza sosai shi ne halin dabbar. Da can takan tsaya a fili a kwari tana kiwo hankali kwance. Yanzu ta koyi tsoro, tana shigewa duhuwa ko ta tsallaka gonar wani mai shinge inda ba a barin kowa ya shiga. Mafarauci ya kwana bakwai a kan dutse cikin sanyi ya dawo hannu rabbana, da safe kuma ya ga sawun kyarkeci a bakin rafi. Ba sai an gaya maka wanda zai ɗora wa laifi ba.

Inda na rabu da su shi ne abin da ya biyo baya. A 1938 mafarautan Idaho ne da kansu suka tara sa hannu aka yi ƙuri'ar raba-gardama, aka kafa hukumar kifi da namun daji mai zaman kanta, don a cire hannun 'yan siyasa daga harkar, a bar wa masana ƙidaya su faɗi nawa za a kashe. Da wannan tsari aka farfaɗo da elk da barewa bayan sun kusa ƙarewa. Sai ga shi a 2021 majalisar Idaho, da turin masu gandun shanu da wani ɓangare na mafarauta, ta yi dokar da ta buɗe ƙofar rage kyarkeci daga wajen 1,500 zuwa 150, ta halatta binsa da babur ɗin ƙanƙara da na'urar gani da dare, ta ba da damar ɗaukar 'yan kwangila. Ita waccan hukumar ta fito fili ta ce ba ta goyon baya, amma Gwamna Brad Little ya sa hannu. A shekarar Montana ma ta halatta tarkon waya mai zarge wuya da ajiye nama don janyo dabbar. A hunturun da ya biyo baya, kyarketai 25 na Yellowstone aka kashe bayan sun ƙetare iyakar gandun, wajen kashi ɗaya cikin biyar na duk waɗanda ke ciki. Dabbobi ne da suka saba ganin mutane tsaye a bakin titi da tabarau mai hangen nesa, ba su san gudun mutum ba. Wannan abu ya dame ni ƙwarai, kuma ya dami mafarauta da yawa, domin a al'adarsu akwai ƙa'idar ba dabba damar tsira, wadda ƙungiyar Boone and Crockett da Theodore Roosevelt ya kafa a 1887 ta daɗe tana koyarwa.

Na jihar Wisconsin ya fi muni. Kariyar tarayya ta faɗi a Janairun 2021, hukumar jihar ta ce za ta jira zuwa Nuwamba ta yi shiri. Wata ƙungiya mai suna Hunter Nation ta kai ƙara, alƙali ya ce a buɗe farauta nan take, a Fabrairu, daidai lokacin barbarar dabbar. Aka ƙayyade 200: 119 ga masu lasisin jiha, 81 ga ƙabilar Ojibwe, 'yan asalin yankin, bisa tsohuwar yarjejeniya. Su Ojibwe kyarkeci ɗan'uwa ne a wurinsu, sun karɓi kasonsu ne don kada a kashe. Dusar ƙanƙara ta zuba sabuwa, sawu a fili kamar rubutu a allo, aka saki karnuka masu na'urar bin diddigi a wuya, mutane na biye a motoci. Kafin kwana uku an kashe 218, yawancinsu da karnuka, an cinye kason jiha an haɗa da na Ojibwe har da ƙari.

Ka tambayi wa ya fi gaskiya. Mafarauta sun yi gaskiya da suka ce dabbar da ta farfaɗo ana iya farautarta da ƙa'ida, kuma makiyayin da aka kashe wa maraƙi yana da haƙƙi. Masu kare dabbar sun yi kuskure da suka mayar da kotu wurin zama bayan an cika sharaɗi. Amma da a ce ni ke da shawara, adadin da za a kashe sai ya fito daga hannun masu ƙidaya, su kare shi a gaban jama'a, ba daga ɗan majalisa mai neman ƙuri'a ko alƙalin da aka matsa wa ya yi sauri ba. Farautar da Wisconsin ta shirya a Nuwamban 2021 kotun jiha ta dakatar da ita, a Fabrairun 2022 kuma alƙalin tarayya Jeffrey White ya mayar da kariya ga kyarkeci a mafi yawan jihohi, ban da Idaho da Montana da Wyoming da ɗan kewayensu.