Amsa: Akwai ƙasusuwan dainoso a La Brea?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yaranka za su ga ƙasusuwan dainoso, wato manyan dabbobin zamanin da masu kama da ƙadangare, a La Brea, ramukan kwaltar nan na birnin Los Anjelis a Amurka da ake tono tsofaffin ƙasusuwan dabbobi. Babu ko ɗaya, gara ka faɗa musu tun daga gida. Dainoso sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, alhali abin da ke cikin kwaltar nan bai haura kimanin shekara 50,000 ba.

Amma wurin ya cancanci zuwa. Kwalta ce ke tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar birni, kana jin warinta, kana ganin tana kumfa. A da, dabba sai ta taka ta maƙale, kukanta ya jawo masu cin nama, su ma su maƙale. Shi ya sa ƙasusuwan kyarkeci da na damisa mai dogayen fiƙoƙi suka fi yawa. A gidan tarihin da aka buɗe a 1977 akwai bango mai ƙoƙunan kan kyarkeci kusan 400, kuma ta bayan gilashi za ku ga ma'aikata suna wanke ƙashi.

Shiga filin da ramukan kwaltar suke kyauta ne, gidan tarihin kuwa sai da tikiti. Ku lura da takalmanku, kwalta na ɓullowa har cikin ciyawa.