Kafin a sauke injin tarakta

Wasiƙar farko ta wannan makon daga wani manomi ce a wajen Giwa. Yana da Massey Ferguson 375 da ya gada daga mahaifinsa. Tana shan baƙin mai, tana hayaƙi, ba ta jan haro kamar da. Bakanike ya ce a sauke inji a sake komai, shi kuwa kuɗin masarar bana ba za su kai ba. Yana tambaya ko sake ringin fistin kaɗai zai isa.

Malam, ba ka faɗa mini launin hayaƙin ba, kuma nan ake farawa. In shuɗi ne, baƙin mai ke ƙonewa. In baƙi ne wuluk, ko dai gas ya yi yawa ko iska ba ta isa, kuma galibi laifin nozul mai fesa gas ne ko matatar iska, abin da ba ya buƙatar sauke inji. Fari da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗau zafi, a zargi gasket ko saitin famfon gas. Sannan ka duba bututun da inji ke numfashi ta ƙasa. In yana huci kamar tukunyar dambu, to ringi ya tafi.

Injinka Perkins ne mai silinda 4, kuma silif ɗinsa, wato hannun rigar ƙarfe da fistin ke hawa da sauka a ciki, ana cirewa a sa sabo. In an buɗe, ja farcenka a saman silif daga ciki. In farce ya maƙale a wani ɗan tudu, silif ya cinye, sabon ringi a cikinsa da ƙyar ya kai ka ƙarshen damina, sai ka biya bakanike sau biyu. Inda za ka rage kashe kuɗi shi ne karanshaf. Kada ka sayi sabo. A auna shi, in ya ci a aske shi zuwa awon da makanikai ke kira 10 ko 20, a sayi metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, daidai da wannan awo. Fistin ma in ramukan ringinsa ba su buɗe ba, yana komawa. Amma gasket da metal da sil, kada ka nemi na araha, ko a Sabon Gari ka saya ko a Panteka. Kuma ka tsaya a ɗaure kan inji da sifana mai awo. Wannan bututun da ake zurawa a sifana a hau da ƙafa shi ke ƙona gasket. Tazarar bawul milimita 0.30 ce in inji ya huce. Bayan aikin kamar awa 50, a zubar da baƙin man a sake filta.

To, ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ba wanda ke tambayar abin da ya cinye silif ɗin tun farko. Ƙura ce. Mu nan ana shiga haro tun Afrilu ƙasa na bushe, sannan a kai tarakta sussuka cikin hunturu, ta wuni cikin ƙaiƙayi. Direba ya ciro filtar iska ya bubbuga ta a jikin taya, takardar ta tsage, ya mayar. Wani in ta toshe cire ta yake yi gaba ɗaya don tarakta ta "samu ƙarfi". Ta samu, na sati biyu. Masu tsofaffin taraktoci irin 135 da 165 da ke da kwanon mai a ƙasan matatar iska, na sha buɗe shi na tarar da laka kamar ta fadama, ko kuma ya bushe ƙayau. A lokacin ƙura kullum da safe ake duba shi, a wanke, a zuba mai zuwa layin da aka zana kawai. Sai robar da ta haɗa matata da inji: in ta tsage ana naɗe ta da tsohon tib, ƙura kuwa ba ruwanta da tib. Cire robar, shafa yatsa a cikin bututun da ke shiga inji. In ka ji yashi, gyara wannan kafin ka sayi ringi.

Wata Hajiya daga Tudun Wada da ke ba da hayar tarakta ta ce direbanta na neman kuɗin wani ruwa mai kauri na gwangwani, wai yana kashe hayaƙi. Hajiya, baƙin mai kawai yake ƙara wa kauri, ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye. Ki tara kuɗin a sayi filta.

Daga Soba ana tambaya ko a cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, saboda zafin bazara. A'a. A wanke lagireto ciki da waje, a duba fambel.

Wani daga Makarfi ya ce ya ga injin gwanjo, ko ya fi gyaran nasa? In mai shi ya yarda a tayar da shi da sassafe yana sanyi, a gabanka, kuma a kwance kwanon baƙin mai na ƙarƙashin inji ka ga metal da idonka, ku yi ciniki. In ya ce sai dai ka ɗauka haka, Alhaji, gyara naka.